Ai Ba Komai

Auta ta tokare bayan Baba da kafaɗa, ta zare jiƙaƙƙen zanin gadon da hannu ɗaya, wayarta kuwa sai ruri take yi a jaka. Ta san mai kiran. Shugabar makarantar da take koyarwa ce, kuma tun safe ta yanke magana: in gobe ba a ga Auta a aji ba, wata za a ba ajin. Da aikin nan take riƙe kanta da 'yarta tun rasuwar mijinta.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba a asibiti, ita ce wanka, ita ce juya shi, ita ce ba shi abinci a baki. 'Yan uwa kuwa, a faɗi gaskiya, ba sa fashin dubiya. Sukan zo da ƙamshinsu da ledar lemo, su tsaya daga ƙafar gado, su yi mata ruwan yabo. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai ba komai." Haka marigayiya Inna ta koya mata tun tana ƙarama, wai 'yar kirki ba ta karɓar yabo hannu biyu. Sai a ɗakin nan ta lura cewa duk wanda ta ce wa ba komai, yarda yake yi, ya lalubi mukullin motarsa.

Da azahar yayarta mace ta shigo. Auta ta tattaro ƙarfin hali.

"Yaya, dama ina so in ce..."

"Ke dai bari! Ni ko a ofis labarinki nake bayarwa. Na ce ƙanwata Allah ya zuba mata haƙuri, babu irinta. Dubi Baba fes, ko wari babu."

"Ai ba komai, Yaya."

Bakin ne ya faɗa, bai ko yi shawara da ita ba. Kafin ta gyara zancen, yayar ta riga ta saɓa jaka. Auta ta shiga banɗaki da zanin gadon, ta saki famfo don kada a ji, ta yi kuka har ƙirjinta ya yi zafi. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma haushin kanta ya fi na kowa.

Da la'asar babban wansu, Yaya Babba, ya iso cikin farar riga mai guga, ya same ta tana ba Baba abinci. Ta ɗago, da cokali a hannunta, ta gaishe shi. Ya gaida tsohuwar da ke jinyar mijinta a gadon kusa, sannan ya gyara murya.

"Wallahi Auta kin fi mu duka. Wannan aiki sai ke. Mu ko an ce mu yi, ba za mu iya ba."

Amsar da ta saba bayarwa ta taso har bakin harshenta. Wayar ta sake ruri. Ta dubi Baba, wanda bakinsa ya karkace amma idonsa na kanta, ta haɗiye amsar da ƙyar kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"Na gode, Yaya," ta ce. "Ni ma da ban iya ba. Koyo na yi."

Ta miƙe, ta kamo hannunsa, ta danƙa masa cokalin.

"Ta gefen dama ake ba shi, kaɗan-kaɗan, sai ya haɗiye. In ya gama a juya shi. Gobe ina da aji, in ban je ba na rasa aikina. Ranar hutu zan karɓe ka."

"Auta, ni fa ina da..."

"Na sani, Yaya. Ni ma ina da."

Ta durƙusa ta riƙe hannun Baba mai lafiyar. Ya matse yatsunta, ya saki. Ba ta san ko izini ba ne ko roƙo, kuma ba ta tsaya tambaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta tafi ba. Ta ɗauki jakarta, ta nufi ƙofa.

A bakin ƙofa ta ji muryar tsohuwar gadon kusa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Babban mutum kamarka, ga ka da cokali kana ciyar da mahaifinka. Samun irinka sai an tona."

Auta ta ɗan dakata, hannunta a kan ƙofa. Can ta ji cokali ya taɓa kwano, sannan muryar Yaya Babba, ƙasa-ƙasa.

"Ai ba komai, Mama."

Ta ja ƙofar a hankali, ta ciro wayar.