Karafan Mai Gumi

Tun da sanyi ya shigo Madina, karafan ɗin Sanusi ya kama gumi. Ba yoyo ba ne, don ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Da safe sai ka ga ruwa ya tsattsafo a jikin bangon kwano, ya bi kusurwa ya gangara cikin akwatunan ajiya da aka ƙera a ƙarƙashin gado da benci. Sanusi ya goge har tsummoki suka ƙare ya koma wa tsohuwar singiletinsa. Ya zuba gawayi a kwano ya tura ciki, ya ƙara da gishiri, ya shimfiɗa kwali. Washegari gishirin ya narke, kwalin ya zama kamar burodin da aka tsoma a shayi.

Karafan ɗin ɗakin kwano ne mai taya, an ajiye shi a ƙarshen wata gonar dabino a Awali, kusa da kududdufin ban-ruwa. Nan Sanusi, mutumin Tasawa, yake kwana tun da ya zo aiki, kuma bai taɓa ganin ɗakin ya yi wannan hali ba sai bana. Ya san dalili sarai, bai dai son ya kalle shi ne. Dalilin tana zaune a kan gado da carbi a hannu, tana tari.

Mahaifiyarsa ce, Inna Tasallah. Ta zo umara da azumi, da lokacin komawa ya yi ta ce ita fa ta iso ke nan, a maƙabartar Baƙi'a za a rufe ta, kowa ya yi haƙuri. Bizarta ta ƙare, ga aikin Hajji ya matso, jawazat, jami'an shige da fice, sun tsananta kama marasa takarda. Idan aka gan ta, jirgi za a sa ta. Shi ya sa Sanusi ya bi tagogi ya liƙe da leda da salatif, ya toshe ramin iska da tsumma don kada a ji tarinta, ya kunna risho a ciki ana dahuwa ana shan ɗumi. Tururin tukunya da numfashin mutum biyu suka rasa hanyar fita, sai suka kwanta a jikin kwano mai sanyi. Wannan dabara tasa ce shi kaɗai, ba wanda ya taya shi.

Ran nan da hantsi yana gyara bakin kwata sai ga farar motar mai gona. Abdussamad sunansa, ɗan ƙasa ne, amma kakansa daga Kano ya tako da ƙafa, don haka yana jin Hausa, yana kuma yin ta idan ransa ya so, gutsure-gutsure. Bai zo wajen Sanusi ba, kai tsaye ya nufi karafan. Sanusi ya yar da fartanya ya bi shi.

Abdussamad ya tsaya yana kallon ruwan da ke ɗiga daga gindin ɗakin, ya dangwala ya shinshina.

"Esh haza, mene ne wannan, ya Sanusi? Rutuba! Danshi ne wannan. Ka rufe ɗaki kamar tukunya. Iftah, buɗe taga, fito da kaya rana, in ba haka ba katakon ƙasa zai ruɓe min."

"To, ranka ya daɗe. Sanyi ne ya sa."

"Sanyi bai kashe ka bara ba. Gobe zan kawo kafinta ya duba akwatunan ciki. Khalas, shi ke nan?"

A daidai nan Inna ta danne tarinta, Allah ne kaɗai ya san yadda ta yi. Motar ta juya ta tafi. Sanusi ya tsaya har ƙurarta ta kwanta, sannan ya shiga ya ja ƙofa.

Wari ya tare shi, irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Ya durƙusa ya ɗaga murfin akwatin benci. Buhun shinkafa ya dunƙule, takalmansa na Juma'a sun yi koren gashi, kaset-kaset ɗinsa na wa'azi sun manne da juna. Ya rufe, ya buɗe, ya sake rufewa. Ina zai kai tsohuwa gobe? Wajen Rabo, abokinsa direba? Su shida ne a ɗaki, duk maza. Cikin dabino? Da wannan ƙirjin nata? Ya tashi, ya zauna, ya leƙa ta ramin leda, ba kowa sai awakin maƙwabta.

"Kai ɗan nan, ka ishe ni da kai-kawo," in ji Inna. "Ɗaga mini gadon ga, in ga kayana."

"Kayanki lafiya lau suke, Inna."

"Na ce ka ɗaga."

Ya ɗaga katifa, ya ja murfin. A can ƙasa, jikin kwano, akwai ƙunshin da ta fi ji da shi a duniya: farin yadin likkafaninta, wanda ta saya a Makka, ta tsoma a ruwan Zamzam da hannunta, ta shanya, ta ninke. Sanusi ya ɗauko ya ji shi da nauyi, da sanyi. Ya yi niyyar juya mata baya ya buɗe, amma a karafan ina bayan yake? Hunhuna ta bi ninkin yadin ta yi baƙaƙen ɗigo-ɗigo, tun daga wannan baki har wancan.

Hankalinsa ya tashi sosai. Ya fara surutu, wai zai wanke, wai zai nemo Zamzam a jarka a sake tsomawa, wai ai rana ɗaya ta isa ta kashe hunhuna. Inna ta miƙo hannu. Ta karɓi yadin ta shimfiɗa a cinyarta, tana bin ɗigon da yatsa. Can ta ɗaga kai ta dubi rufin da ke ɗiga, ta dubi tagogin da ya liƙe.

"Sanusi, tun yaushe rabona da ganin rana?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Na bar gidana, na bar jikokina, don in zamna Madina. To ina Madinar? Ni ban ga komi ba sai kwano. Ko kiran sallar Harami ban ji. Yadi ma da bai numfashi ga yadda ya koma, bale ni. Ka rufe ni tun ban mutu ba, kuma ba Baƙi'a ba."

"Inna, in suka gan ki za su maida ke gida. Duk wahalar nan ta tashi a banza."

"Na sani. Ɓalle ledar nan."

Ya so ya yi musu, amma ya san fuskar. Ya kama salatif ya ja, ledar ta yage, ya tura tagar da ta cije sai da ya sa kafaɗa. Iska ta shigo da ƙanshin na'ana'a daga fadamar gona. Ya zare tsumman ramin iska, ya kashe risho, ya buɗe akwatunan duka ya tokare murafensu da itace. Ya kwashe kaya ya baza a rana, likkafanin kuma ya ɗaure shi tsakanin dabino biyu, fari ƙal daga nesa, wanda ko makaho ya wuce titi sai ya tambaya na wa ne. Yana yi yana waige.

Da ya dawo ya tarar ta sa baƙar abayarta, ta fito bakin ƙofa tana ƙifta ido.

"Samo muna mota. Azahar Harami za ni yi ta."

A cikin tasi Sanusi bai zauna daidai ba. Duk motar 'yan sanda da ya hango sai ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta manna goshi a gilashi tana kallon shaguna, tana tambayarsa sunan kowace unguwa, har direban ya fara ba ta amsa da kansa. Da hasumiyoyin masallaci suka bayyana sai ya ga hawaye na bin kuncinta.

Suka sauka cikin cunkoson alhazai. Ya riƙe hannunta, yana neman ya ɓoye ta a bayansa, tana fizgewa. A ƙofar mata ya tsaya, don iyakarsa ke nan. Ga masu gadi, ga jama'a kamar ƙasa, kuma in an tambaye ta takarda a ciki ko a wata ƙofar, ba shi da yadda zai sani.

"Inna, nan za ki fito. Wannan ƙofar, kin ji? Kada ki bi wata. Kada ki yi magana da kowa."

Ta tuɓe takalmanta ta miƙa masa.

"Riƙe mini. In na daɗe kada ka tada hankalinka, Allah shi yi maka albarka."

Ta shiga da ƙafar dama, da saurin da bai san tana da shi ba. Ya bi ta da ido yana jira ta waiwayo ko sau ɗaya, amma ba ta waiwayo ba, baƙaƙen abayoyi suka haɗiye ta. Aka tayar da salla, sahu ya miƙe har waje, wani ya ja rigarsa ya matsa ya cike gurbi. Sanusi ya ajiye takalman a gabansa, ya yi kabbara, yana kuka.