Rufaffiyar Ƙofar Baba Jibirilu

Harbi na uku ne ya sa na yarda ba taya ce ta fashe ba. Na saki keken ɗinki, na jawo ƙofar ƙarfe na danna sakata. Na ji maƙwabcina Baba Jibirilu ya jawo tasa shi ma, sai ƙarar galan ya faɗi, wani abu yana ɓulɓulowa a kan siminti.

Bango ɗaya ya raba shagona da nasa, a layin da ke gangarawa kasuwar Bawku. Fentin kayan ɗaki yake yi, gadaje da kabad da benci. Shagonsa ba taga, sai wata 'yar kafa a saman bangon da ke tsakaninmu, shi ya sa kullum a rumfar waje yake aiki. Tun da ƙirjinsa ya fara damunsa ya koma fentin ruwa, wanda ba ya hawa kai. Amma a wannan ranar, teburin Lamisi mai tuwo yake shafawa, ita kuwa kullum sai ta wanke teburinta da sabulu, don haka ya ce sai fentin mai, wanda ake sirkawa da tina.

Na ce, "Baba, kana lafiya?"

"Lafiya, Sadiatu. Tina ce ta zube, galan ɗin duka. Kar ki ƙyasta ashana. Kar ki taɓa makunnin wuta."

Ba a daɗe ba warin ya biyo ta kafar. Idona ya fara ruwa, ni da ke wani ɗaki. Sai Baba ya soma tari.

"Ina maganin shaƙarka?"

"Yana gida, a aljihun rigar Juma'a."

"To buɗe ƙofa ko kaɗan ne, ka sha iska."

Na ji ya zare sakata. Nan take aka sake harbi, kusa sosai, wani abu ya bugi kwanon rumfarsa. Ya mayar da ƙofar.

Na kira ƙaninsa Musah mai motar kaya a waya. Yana raɗa ya ce mini an tare hanya, ko kaza ba ta gilmawa a unguwarsu. Ya ce in ce wa yayan nasa ya jiƙa tsumma ya toshe hanci. Na faɗa masa. Ya ce ruwan da ke shagon na wanke burushi ne.

Numfashinsa ya koma fito, ina jin sa ta bango. Ya ce, "'Yata, magana tana mini wuya. Ki riƙa buga bango, ni ma zan buga."

Na ɗauki almakashi ina bugawa. In na buga biyu ya buga biyu. Taku huɗu ne daga ƙofata zuwa tasa. Sau uku ina ɗora hannu a sakata, sau uku ina tuna 'ya'yana biyu da ke makaranta, in janye hannun. Lokacin la'asar ya yi, ba masallacin da ya kira salla. Baba ya koma buga ɗaya. Daga baya na buga, na sake bugawa, shiru.

Da rarrafe na fita. Titin ba kowa, sai takalma warwatse da wani babur a kwance. A ƙarƙashin ƙofarsa na ga yatsu uku sun leƙo, kore shar da fenti. Ashe ya kwanta ya kafa bakinsa a tsagar yana neman iska. Na kama yatsun, suka motsa.

"Baba, ni ce. Miƙa hannu ka zare sakatar. Ni ba zan iya daga nan ba."

Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba. Ina jin hannunsa yana zamewa a jikin ƙarfen, can ƙasan layi ana ta harbi. Da ƙofar ta buɗe warin ya buge ni har na yi baya. Na ja shi ta hammata zuwa rumfa, na jingina shi da ƙafar teburin, ina masa fifita da ɗankwalina. Leɓensa ya yi duhu. Ya dube ni ya ce, "Koma ciki."

Ban koma ba. Musah ya iso dab da magariba, muka ɗora shi a bayan mota. Da hantsi washegari ya cika a asibiti.

A gidan rasuwa matarsa Inna Mardiya ta riƙe hannuna tana mini addu'a, wai ni ce na fito masa. Ban faɗa mata awa nawa na yi a bayan ƙofata ba. Muna zaune a tsakar gida Musah ya fito daga ɗakin da ake wankan gawar, hannun rigarsa a naɗe. Ya tsaya a gabanta yana magana ƙasa-ƙasa.

"Fentin hannunsa ya ƙi fita da ruwa."

Inna Mardiya ta tashi. Ta shiga madafa ta ɗauko kwalbar man gyaɗa, ta yagi gefen wani tsohon zanenta mai laushi, ta miƙa masa.