Minti Huɗu Bayan Jan Igiya

Shekara goma sha ɗaya Dácil tana tsaron ƙofar masu keke a gasar tsibirinsu na Lanzarote, wadda ake iyo a teku, a hau keke kilomita ɗari da tamanin, sannan a ɗora da gudu. Aikinta ɗaya ne. Lokaci na cika ta ja igiya, wanda ya makara ta yanke masa robar shaidar gasa da ke hannunsa, tasa ta ƙare.

Bana ƙaninta Nauzet ya shiga, kuma likita ya ce daga wannan gasar gwiwarsa ta gama. Mutumin da ya tashi yana kai burodi a keke kan duwatsun nan, wai yanzu sai na'ura ta gaya masa ƙarfin ƙafarsa. Ɗaya a feda, ɗaya a ƙirji, ɗaya a wuyan hannu, sai ka ce majinyaci. Ko gofio, garin gasasshen hatsinsu, ba ya damawa sai ya auna.

"Yaya, ina wuce lamba ɗari da saba'in na'urar za ta yi ƙara, sai in sassauta. Ilimi ne."

"Ilimin naka ya san iskar arewa?"

"Ke dai riƙe igiyarki."

Ranar kuwa iska ta taso kamar da gayya. Masu hankali suka duƙa suka danna feda. Tsohuwa Fayna mai sayar da cuku ta shigo a kan kekenta mai tsatsa, bakinta duk gishiri, tana zagin iska. Shi kuwa gogan yana can yana yi wa ƙara biyayya.

Dácil ta dinga leƙen hanya har wuyanta ya ƙage. Haushi take ji, tsoro kuma ya fi haushin. Lokaci ya cika, ta ja igiya.

Bayan minti huɗu sai ga shi, ko haki ba ya yi.

"Yaya, duba nan. Ko sau ɗaya ban wuce lambar ba."

"Ka gaji?"

"Ina fa. Gudun ma yanzu zan cinye shi."

Wannan ce ta fi ƙona mata rai. Da a ce rarrafe ya iso, da ta rungume shi. Ƙarfin yana nan cike a ƙafarsa, ya yi ta tattalinsa tun safe, ga shi babu inda zai kai shi.

"Miƙo hannunka, Nauzet."

Sai a lokacin ya ga igiyar. Ta sa almakashi ta yanke robar.