Mutum Biyu Ne a Cikin Motar

Ranar Lahadi ce, Nélida tana murza kwaɓin taliya, rediyo yana ta surutu a kan firji. Mijinta Ovidio yana can filin tsere cikin mota mai lamba arba'in da bakwai, a kujerar dama, gefen direba Anselmo. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan aikin. Ranakun mako ya kwance inji ya ɗaure, ranar tsere ya zauna yana duban ma'aunin mai, ya daki gwiwar direba sau ɗaya idan wata mota ta matso ta baya, sau biyu idan a rage gudu ne.

Wajen ƙarfe ɗaya mai sharhi a rediyon ya ce an tsayar da tseren saboda hatsari, bai faɗi na wa ba, sai ya karanto sakamako. Anselmo Larralde, na uku. Motar garinsu, San Eusebio, ba ta taɓa wuce na tara ba. Kafin Nélida ta goge hannunta, jiniyar 'yan kwana-kwana ta ɗauki kuka, kamar yadda aka saba idan motar gari ta fitar da su kunya.

Chela maƙwabciyarta ta leƙo ta kan katanga. "Ƙawata, kin ji? Sai ki ƙara nama a miya. Yau mai sanƙon nan naki zai dawo yana taku kamar shi ya ƙera motar."

"Da wa ya ƙera ta?" in ji Nélida. "Anselmo ai sitiyari kawai ya iya, sai taje gashi."

Suna cikin dariya Don Fermín, shugaban kulob ɗin da ke ɗaukar nauyin motar, ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ya ce motar su Ovidio ce ta ƙwace ta daki tudun ƙasa ta ɓangaren dama. Dokar ita ce, idan aka tsayar da tsere, da zagayen da ya gabata ake lissafi, kuma a wannan zagayen su ne na uku. Anselmo ya karye a ƙafa. Ovidio bai kai asibiti da rai ba.

Jiniyar ba ta daina ba sai da Chela ta tafi da kanta ta ce su kashe.

Bayan wata biyu kulob ya kira mai fenti ya rubuta sakamakon a bangon waje, da manyan baƙaƙe shuɗaye: kwanan wata, lambar mota, na uku, Anselmo Larralde. Nélida aji uku ta yi a makaranta, amma sunan mijinta ta san shi ko a duhu. Ta karanta bangon sau biyu ba ta ga sunan ba, sannan ta shiga. Maza suna zaune suna zagayawa da ƙoƙon shayin da suke kira mate, Anselmo yana cikinsu da sandarsa.

"Don Fermín, mutum nawa ne a motar nan?"

"Doña Nélida, zauna mana."

"Ba zama na zo yi ba. Mutum nawa?"

"Biyu ne. Amma yadda takardar hukuma ta zo haka muka kwafa. Sunan direba kawai ake sawa, tun zamanin iyayenmu. Mun shirya za mu rataya hoton Ovidio a ciki, kusa da kofuna."

"A ciki wa zai gan shi? Ku da kuke shan giya?" Ta juya. "Kai kuma Anselmo, bakinka ma ya karye ne?"

Anselmo ya dubi ƙasa. "Ya daki gwiwata sau biyu, Nélida. Na ji shi. Ban ɗaga ƙafa daga totur ba."

Babu wanda ya miƙa hannu ya karɓi ƙoƙon. Don Fermín ya ce za a kai maganar gaban kwamiti. Kwamiti ya zauna, ya ce idan aka ƙara suna ɗaya sai an sake duk tsofaffin allunan da ke ciki, kuma ba haka ake yi a ko'ina ba.

Tun daga lokacin, kullum da safe idan za ta sayo burodi, Nélida takan bi ta gaban kulob da guntun alli a aljihun rigarta. Takan yi ɗage, ta rubuta Ovidio Sartori a ƙarƙashin sunan Anselmo, baƙi ɗaya bayan ɗaya. Raɓa da ruwan sama sukan wanke shi. Wata rana kuma takan tarar da na jiya yana nan, sai ta bi kansa kawai ta ƙara masa kauri.