Nauyin Akwatin Wuta

Wata goma sha ɗaya Auta ta yi tana tara kayan kwamfutar da za ta haɗa da hannunta, saboda zanen gine-gine na shekararta ta ƙarshe a jami'a. Madabod, firosesa, katin hoto mai fanka biyu, kowanne sai da ta bincike shi kamar mai neman aure. Suna nan cikin kwalayensu a teburin falo, ko ƙuda bai isa ya sauka ba. Saura akwatin wuta, wanda ke karɓar lantarki daga bango ya raba wa sauran. In ta sayi na banza, rana ɗaya zai ƙone su duka, ga shi sati uku ya rage ta miƙa zanenta.

Babanta ya ce zai raka ta. Shekara talatin ya yi yana gyaran rediyo, har aka daina kawowa, ya rufe shago ya dawo gida da sukudireba a aljihun gaba. Auta ba ta so rakiyar ba.

"Baba, wannan fa ba rediyo ba ce."

"Na sani. Jaka zan riƙe miki."

Shagon ƙarami ne, kwalaye har rufi. Mai shago ya ajiye mata guda biyu a kan kanta: baƙi mai sheƙi, an rubuta wat ɗari takwas, da wani ruwan toka mai ɗari biyar da hamsin. Lissafinta ya nuna ruwan tokan ya ishe ta, amma baƙin ya tafi da hankalinta. Ta karanta cewa mai kyau nauyi gare shi, don haka ta ɗaga baƙin. Nauyi kam, ba magana.

"Ɗan ba ni in gani," in ji Baba.

Ya ɗora shi a tafin hannu, ya karkata hagu, ya karkata dama. Ya haska tocila ta ramin fanka, ya daɗe yana leƙe, Auta kuwa kunya kamar ta nitse.

"Nauyin nan gefe ɗaya yake," ya ce wa mai shago. "Bari in buɗe. In na yi masa ƙazafi, ni zan biya kuɗinsa."

Mai shago ya yi dariya ya ce bismillah. Noti huɗu, murfi ya tashi. A kusurwa ga guntun ƙarfe an naɗe da tef, an manne da gam, babu wayar da ta shiga, babu wadda ta fita. Aikinsa kawai ya ruɗi hannun mai saye.

"Wallahi, Baba, haka aka kawo mini katan guda," in ji mai shago, dariya ta ɗauke.

Baba ya ture baƙin gefe. Ya ɗauki ruwan tokan, ya haska, ya shinshina, ya bi ɗaurin dalmar da ido.

"Wanda ya haɗa wannan ba ya son a dawo masa da shi. Ɗauki, Auta."

Da la'asar ta baje kaya ta fara haɗi. Baba ya koma kujerar nesa, hannuwa a kan gwiwa, yana yi kamar ba ya kallo. Sai a lokacin ta lura yadda yatsunsa ke motsi duk sanda ta juya noti. Tausayinsa ya kama ta, da kunyar abin da ta faɗa da safe.

"Baba, zo ka haska mini nan."

Kafin ta rufe baki yana tsaye a kanta. Da ta gama, ta ja baya ta nuna masa maɓallin. Ya danna, fankoki suka tashi. Bai ko dubi allon ba. Ya kara kunne a jikin kwamfutar, ya rufe ido, yadda ta saba ganinsa tana ƙarama.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce.

Amma bai ɗauke kunnen ba, ita ma ba ta ce ya ɗauke ba.