Koji a Bishiyar Lemo

Tun da muka binne Jason, matata Edna ta daina cin abinci. Ba rantsuwa ta yi ba. Za ta ɗauki cokali, ta juya faten, ta ajiye. Jason shi kaɗai Allah ya ba mu. Yana dawowa daga kasuwar Zangon Kataf a kan babur aka tare hanya. Wasu sun tsira, shi bai tsira ba. Matan zumunta sun zo sun yi waƙa, fasto ya yi addu'a, likita ya rubuta magani. Zanen Edna dai kullum sai ƙara yi mata yawa yake. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, cikina bai san makoki ba. Nakan ci nawa, in ci nata don kada ya lalace, sannan in zauna da tumbi a gaba ina jin kunyar kaina.

Da damina ta kankama, wata safiya ina neman takalmin zuwa makaranta na ji muryarta daga ɗaki.

"Baban Jason, zo ka ga."

Rabona da jin wannan suna a bakinta tun ranar jana'iza. Na je da takalmi ɗaya a ƙafa. Tana zaune bakin taga, ta nuna mini bishiyar lemon da ke jikin bango. Koji ne, tsuntsun nan mai baƙin kai da ke tashin duk Kafanchan da asuba ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Shi da matarsa sun saƙa sheƙa kamar ɗan ƙoƙo a tsakanin rassa biyu, kuma a ciki akwai bakuna uku a buɗe. Bakuna kawai, don sauran jikin ba abin kallo ba ne: tsirara, ido a rufe, ciki kamar nawa.

Daga ranar nan Edna ta samu aiki. Uwar ta kawo tsutsa, uban ya kawo fara, su ɗura, su koma. In an tsuge da ruwa, uwar ta baje fikafikai a kan sheƙar, ruwan na gangarowa ta bayanta. Edna ce ta lura cewa duk wanda ya ciyar sai ya ɗan jira, ɗan ya juya gindi, shi kuma ya ɗauke kashin da baki ya je ya yar can nesa.

"Har uban ma yana kwashewa," in ji ta. "Kai ko sau ɗaya ka taɓa wanke wa yaro gindi?"

"Ni ai fannina kawo fara ne."

Ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa. Da rana na ajiye mata kunun acca a kan tagar. Idonta na kan sheƙa, hannunta ya sami kofin da kansa. Ta shanye. Washegari ta ci fate rabin kwano. Na rasa rabin kwano, amma ban taɓa jin daɗin asara irin wannan ba.

Sai hankaka ya gano mu. Ina aji ina koya wa yara yadda ake kare amfanin gona daga tsuntsaye, shi kuma yana gidana yana ɗauke ɗaya daga cikin ukun. Na dawo na tarar da tagar a rufe, kunun ya yi sanyi, Edna ta juya fuska ga bango.

Na nemi hutu a makaranta, na ce hawan jini. Na saka kujera a ƙarƙashin lemo, na ɗauki danƙon harbi, na zauna. Maƙwabcina Meshak kafinta ya leƙo ta kan katanga.

"Malam Rufus, ƙarin girma aka yi maka? Daga koyarwa zuwa gadin tsuntsu?"

"Ka ɗaure magenka, Meshak."

"Magena ba ta hawa lemo, ƙaya. Kai dai kada ka fasa mini gilashi. Na ga harbin da ka yi jiya, hankakan ma sai da ya juyo ya ga wa kake nufi."

Gaskiyarsa. Kuma hutun hawan jini ba ya ɗorewa. Sai na tuna dabarar da muke yi muna yara a ƙauye. In muka sami 'ya'yan tsuntsu, mukan saka su a kejin kara mu rataye a inda sheƙar take. Iyayen za su yi ta ihu, amma a ƙarshe sai su ci gaba da ciyar da su ta tsakanin karan, su yi mana renon kyauta. Na ɗauko ragowar wayar ragar da na yi ɗakin zomaye da ita, na haɗa ɗan keji, na ɗauki sheƙar da 'ya'yan biyu na saka ciki, na ɗaure a reshen da igiya.

Iyayen sun zage ni har yamma. Kafin rana ta faɗi uwar ta maƙale a jikin wayar, ta zura baki, ta ba da tsutsa. Hankaka ya zo, ya zagaya, ya tafi yana tsaki. Edna ta buɗe taga. A daren nan ta ci tuwo da miyar karkashi, har ta ce gishiri ya yi yawa.

'Ya'yan suka yi gashi, suka fito daga sheƙar suna tsalle a cikin keji, suna kaɗa fikafikai. Sai iyayen suka canja hali. Uwar za ta zo da tsutsa, ta ƙi bayarwa, ta koma kan gwaiba ta tsaya tana kira a hankali. 'Ya'yan su yi ta dukan waya.

"Kiransu take su fito," in ji Edna. "Lokaci ya yi. Ka buɗe musu."

"Fikafikan ba su yi ƙwari ba. In suka faɗo ƙasa, magen Meshak ba ta buƙatar hawa lemo."

"Uwarsu ta fi ka sani."

"Uwarsu tana nan aka ɗauke na farko. Bari dai a wuce Lahadi."

Ta dube ni, ta mayar da idonta kan kejin. Ni kuwa a raina ba mage nake tsoro ba. In suka tashi, me za ta kalla tana ci?

Ranar Lahadi an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Na fito na ga Edna ta ɗaura ɗankwali, ta riƙe littafin waƙoƙi. Ta ce tunda suna cikin waya, ba abin da zai taɓa su, za ta je sujada. Mata suka rungume ta a ƙofar majami'a. Na zauna a bencin maza ina ji kamar ni na ƙirƙiro waya.

Da muka dawo, tun daga ƙofar gida na ga baƙin layi ya ratsa tsakar gida. Kwarkwasa. Ruwa ya kore su daga raminsu, sun fito ta magudana, sun haye lemon, sun bi igiyar sun sauka. Kejin ya koma baƙi wuluk, yana motsi.

Na ruga kicin na kwaso toka, na watsa, na fizge igiyar. Suka hau ni ta ƙafar wando har inda ba a faɗa. Na yi ta tsalle a tsakar gida da kwat ɗin coci, ina dukan cinyoyina, Meshak ya leƙo zai yi magana, ya ga abin da ke hannuna, ya sauka. Da tsuntsayen suna kan reshe, tsalle ɗaya ya ishe su. A cikin wayar ba abin da ya rage sai gashi da ƙananan ƙasusuwa.

Na kakkaɓe kejin na ajiye a kan bango, don ban san inda zan kai shi ba. Edna tana bakin taga da ɗankwalinta. Can sai ga uwar da koriyar tsutsa a baki. Ta maƙale a wayar, ta yi kiran nan nata. Ta zagaya ɗaya gefen, ta sake kira. Ta koma gwaiba, ta dawo. Ta daɗe tana haka. Daga baya ta tsaya a kan kejin, ta ɗaga kai, ta haɗiye tsutsar.

"Ta haɗiye," in ji Edna.

Da la'asar uban ya hau kan eriyar Meshak ya kama waƙarsa ta kullum, ko harafi bai rage ba. Edna ta saurara kaɗan, sannan ta jawo tagar ta sa sakata.

Na ɗumama fate na kai mata. Ta ɗauki cokali, ta juya, ta ajiye, ta turo mini kwanon.

"Ci, Baban Jason, kada ya lalace."

Na ci.