Yaɓe da Rani

Ranar da labari ya iso cewa masu bindiga sun sauka a bakin gadar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin garin, Mero ta tsorata. Ba kanta ta ji wa tsoro ba. Hankalinta bangon yayanta ya tafi.

Yayan nata, Daktor Sharfuddeen, malamin jami'a ne a birnin Madani kafin yaƙi ya koro shi ƙauye daga shi sai rigar wuyansa. Aikinsa lissafin wasu ƙwayoyi ne da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, waɗanda ba mai ganinsu, har shi kansa. Ba na'ura, ba ɗakin gwaji, ƙwaƙwalwa ce kawai da alli. Amma wani lissafi da ya taɓa bugawa, masana a ƙasashen waje sun gwada shi a injunansu ya fito daidai, har ɗalibai na kafa hujja da sunansa. To mu nan wa ya gane wannan? Abin da mahaifiyarsu Hajja Raliya ta tsinta shi ta raba wa duniya: ɗanta mai ilimin nukiliya ne. Gidan biki ta faɗa, gidan makoki ta faɗa, direbobin hanyar Sinnar ma sun haddace.

Da ya dawo ba takarda ba kwamfuta, sai ya shafe bangon ƙarƙashin rumfa da farar ƙasa, ya kama zane a kansa da gawayi. Layuka masu kibiya, wasu miƙaƙƙu wasu a lanƙwashe, suna haɗuwa suna rabuwa. Shi ya ce ƙwayoyi ne ke karo da juna. Mero kuwa da ta duba da idon baƙo, wallahi taswirar tur'a ta gani da hanyoyin shiga gari. An ce a wani ƙauye sun tafi da malamin makaranta a kan abin da bai kai wannan ba, har yau shiru.

Yana gona wajen ban ruwa, ba ta jira shi ba. Ta kwaɓa zibala, taɓo da kashin dabbobi, ta yaɓe bangon tun daga sama har ƙasa. Aikin da ya kwashe watanni yana yi! Ta ce a ranta gara ya yi fushinsa yana raye.

Tsoro ya mantar da ita abin da kowace mace a garin ta sani: zibala gab da damina ake yi, yanzu kuwa tsakiyar rani ne.

Da la'asar masu bindigar suka banko ƙofa. Babbansu ya shaƙi iska, ya dubi ɗanyen bango, ya yi murmushi.

"Wa ke yaɓe da rani?" ya ce da Larabci. "Zinariya kuka binne, ko?"

Ya zaro wuƙa ya fara kankarewa. Taɓo na zubewa, kibiyoyi na fitowa ɗaya bayan ɗaya, sun ɗan caɓe amma ga su nan. Murmushin mutumin ya ɗauke. Daidai nan Sharfuddeen ya shigo da laka a ƙafa, aka juya masa bakin bindiga.

"An ce garin nan akwai mai nukiliya. Kai ne? Taswirar ina ce wannan?"

Sai Hajja Raliya ta miƙe daga tabarma. Mero ta runtse ido, don ta san halin bakin Inna.

"Ya waladi, ɗan nan, wace nukiliya?" in ji tsohuwar. "Mahaukaci na haifa. Karatu ya taɓa masa kai. Zanen banza yake ɓata mini bango da shi, kunya ta sa muka rufe. Tambayi kowa."

Maƙwabta da ke leƙe ta kan katanga suka amsa, "Wallahi mahaukaci ne." Mutanen da suka yanka masa rago ranar da ya zama daktor!

Mutumin ya dangwari ƙirjin Daktor da bindiga. "Faɗa mini da bakinka. Mene ne wannan?"

Sharfuddeen bai iya ƙarya ba, abin da Mero ta fi tsoro ke nan. Ya ce, "Wasu ƙwayoyi ne. Daga rana suke zuwa. Yanzu haka suna ratsa jikinka, su ratsa ƙasa su fita ta ɗaya gefen, ba ka ji."

Sai wani daga baya ya fashe da dariya, sauran suka bi. Babban ya shafa cikinsa yana tambaya ko sun fita, ya ranƙwashi kan Daktor, suka kwance awakin gidan suka tafi.

Mero ta zube a gindin bangon tana kuka. "Yaya, ka yafe mini." Ya ɗebi sauran zibalar da hannunsa ya rufe inda aka kankare.

Har yau masu bindigar suna bakin gada, saboda haka maganar haukan ba ta janyuwa. In ya fito za shi gona, yaran unguwa na bin sa suna kiran mahaukaci, su da gaske suke yi. Hajja Raliya na zaune a ƙofar gida tana tsintar wake, tana jin su sarai. Ba ta ɗaga kai.